Wa Za A Sallama, Wa Za A Ɗauka?

Duk wanda ya bi ta Unguwar Gano bayan sallar isha'i a ranar da Kano Pillars ta sha kashi, ba ya bukatar ya tambayi kowa yadda wasa ya ƙare. Teburin mai shayi zai gaya masa. Daga nan in ya miƙa Gyaɗi-Gyaɗi, ko ya karkata wajen kasuwar Tarauni, zancen da zai tarar a ko wace majalisa ɗaya ne: wai kwanan koci ya ƙare, watau mai koyar da 'yan wasa, wai an ga wane ya shiga ofishin wane da la'asar, wai wani da ke can wata jiha ya riga ya ɗaure kayansa, asuba kawai ya ke jira. Kafin shayi ya huce an sallami mutum ɗaya, an ɗauki uku, an kuma yanka wa ko wannensu albashi.

Waɗansu daga cikin masu karatunmu za su ce ai wannan hirar samari ce, ba ta isa a ɓata mata takarda ba. Mu kuwa ba mu ga haka ba. Ƙungiyar nan ta Gwamnatin Jihar Kano ce, da kuɗin jama'a a ke biyan wanda a ke ɗauka, da su kuma a ke sallamar wanda a ke kora. Banda wannan, abin da a ke juyawa a baki ana dariya, abincin wani magidanci ne da iyalinsa. Akawun da ya taɓa jin labarin canjinsa a bakin masinja tun takarda ba ta fito ba, ko malamin makarantar da ya ji a kasuwa wai za a tura shi ƙauye, ya san yadda irin wannan magana ta ke hana barci. Dattawan da suka yi aikin En'e har yau suna ba da labarin yadda mutum kan rame a wata guda saboda ƙishin-ƙishin da ba a san mafarinsa ba.

Saboda haka muka ga ya kamata mu duba dalilin da ya sa jita-jitar nan ba ta mutuwa, da dalilin da ya sa sau da yawa takan zama gaskiya. Ra'ayinmu shi ne masu shan shayi ba su ne suka haife ta ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Inda ba wanda ya san tsawon wa'adin da aka ba ma'aikaci, ba wanda ya san mudun da za a auna aikinsa da shi, to, kowa sai ya zo da mudunsa daga gida.

Bari mu koma baya kaɗan, don a ga ba da ka mu ke magana ba. An kafa Kano Pillars a shekarar 1990, aka haɗa ƙananan ƙungiyoyi uku na birnin nan suka zama ɗaya. Kafin ta, Kanawa sun ɗanɗani daɗin kofi a hannun Raccah Rovers, wadda ta ci gasar ƙasa a 1978, tsofaffin 'yan kallo ba su manta ba. Ita Pillars sai da ta shekara goma sha takwas kana ta ɗauki kofin gasar Nijeriya, a 2008, a ƙarƙashin Kadiri Ikhana, mutumin da ya riga ya ci wa Enyimba ta Aba kofin zakarun Afirka a 2003. To, ba a ko gama murna ba Ikhana ya ajiye aikin, yana kukan rashin gaskiya a harkar ƙwallon ƙasar. Shekarar da ta biyo, wani Bature mutumin Sulobeniya, Ivo Sajh, shi ya jagoranci yaran a gasar Afirka. Suka fitar da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin a lokacin, bayan an yi ɗaya da ɗaya a Kano, biyu da biyu a Alƙahira. Suka kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta tare su. Shi ma bai daɗe ba. Salisu Yusuf ya riƙe, Ladan Bosso ya riƙe. Sa'an nan Muhammad Baba Ganaru ya ci kofi a 2012, ya maimaita a 2013, ya tafi Nasarawa United. Okey Emordi ya karɓa, ya cika na uku a jere a 2014.

A nan masu son canji za su tsai da mu, su ce: to, ga shi da bakinku kun faɗa, kofi huɗu a hannun mutum uku, ina laifin canji? Maganarsu tana da ƙanshin gaskiya, ba kuwa za mu ɓoye ta ba. Amma a lura da abin da bai canja ba a waɗannan shekaru. Ginshiƙan 'yan wasa suna nan, irin su Rabi'u Ali da Gambo Muhammad, sun san juna kamar 'yan ɗaki ɗaya. Filin Ƙofar Mata ya zama wurin da baƙo ke shiga da fargaba, har ƙungiyar ta shekara goma sha biyu ba wanda ya doke ta a gida a gasar ƙasa. Wanda ya gaji irin wannan gida, aikinsa ya tsare abin da ya tarar. Canjin mahayi ba ya cutar da dokin da ya ƙoshi, ya kuma san hanya.

A watan Agusta na 2015 Nasarawa United ta zo Kano ta ci biyu da ɗaya, wannan dogon tarihi na gida ya yanke. Emordi, wanda shekara guda kafin nan a ke yi wa kirari, bai ƙarasa kakar wasan ba. Aka komo da Baba Ganaru. Bayansa aka komo da Ikhana. Bayansa Ibrahim Musa, wanda 'yan kallo ke kira Jugunu. A ƙarshen 2020 aka kawo wani Bafaranshe, Lionel Soccoia, bai cika shekara ba. Aka komo da Salisu Yusuf a 2021. A 2022 ƙungiyar da ta ci kofi uku a jere ta faɗa rukuni na biyu, wanda samari ke yi wa laƙabi da gasar gajiyayyu. Evans Ogenyi ya fito da ita a 2023, da aka dawo sama sai aka miƙa ragama ga Abdu Maikaba. A 2024 Usman Abdallah, ɗan Kano wanda ya ci wa Enyimba kofin ƙasa a 2019, ya karɓa. A 2025 aka sake kiran Ogenyi, kafin shekarar ta fita an sake kiran Baba Ganaru. Mai karatu ya ƙidaya da yatsunsa: daga 2015 zuwa 2025 kujerar ta sake mai zama aƙalla sau goma, ba mu ma lissafa waɗanda suka riƙe ta na 'yan makonni ba. A cikin wannan tsawon lokaci kofin gasar ƙasa bai ƙara shigowa Kano ba.

To, ina laifin yaron Unguwar Gano in ya ce za a kori koci? Lissafi ya yi. Ya ga kusan ko wace shekara haka a ke yi, don haka in ya faɗa a ko wane wata, wata rana tilas maganarsa ta faɗa daidai, ya bugi ƙirji ya ce shi ya fara sani. Haka kuma sunayen da ya ke ambata na masu zuwa ba duba ya yi ya samo su ba. A sake karanta jerin da muka kawo: Baba Ganaru sau uku, Ikhana sau biyu, Salisu Yusuf sau biyu, Ogenyi sau biyu. An ce da tsohuwar zuma a ke magani, gaskiya ne, mutanen nan kuwa gwanaye ne a sana'arsu, ba mai musun haka. Amma mu tambayar da ta dame mu ita ce: in mutum ya isa a sake kiransa, me ya sa aka bari ya tafi tun farko? In kuwa bai isa ba, me ya sake a jikinsa cikin shekara biyu?

Akwai wuri ɗaya a cikin shekarun nan goma da ya kamata a tsaya a kansa, domin shi kaɗai ne aka gwada wata hanya dabam. A watan Oktoba na 2018 Kano Pillars ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, wanda a lokacin a ke kira kofin Aiteo, a garin Asaba. Ta zura wa Rangers ta Inugu ƙwallo uku ba ko ɗaya. A gidajen kallo na Tarauni an riga an fara shirin zagaya gari da babura. Sai Rangers ta farke ɗaya, ta farke biyu, ta farke uku, aka je bugun daga kai sai mai tsaron gida, kofi ya tafi Inugu. Ba mu san wani dare da ya fi wannan ɗaci ga masu ƙaunar ƙungiyar ba, in banda daren faɗuwa ta 2022. In da za a bi hukuncin majalisa a wannan dare, da Ibrahim Musa bai kwana da aikinsa ba. Amma aka bar shi. Bayan wata tara, a Yuli 2019, a filin Ahmadu Bello na Kaduna, shi ɗin nan dai ya tsaya a gefen fili yaransa suka doke Niger Tornadoes ta Minna a bugun daga kai sai mai tsaron gida, suka ɗauko kofin da ƙungiyar ba ta taɓa ɗauka ba tun kafa ta. A kakar wasan nan kuma su ne na biyu a gasar ƙasa. Babban kofi ɗaya tak da aka samu a shekara goma, a hannun wanda ya fi kowa daɗewa a kan kujerar aka same shi.

Ba a Kano kaɗai abin ya nuna haka ba. Rivers United ta Fatakwal, wadda ita ma ta gwamnatin jiha ce, ta riƙe Stanley Eguma tun kafa ta a 2016, sai a 2022 ya kawo mata kofin ƙasa. Remo Stars ta garin Ikenne, ƙungiyar wani attajiri, ta zo ta biyu a 2023, ta sake zuwa ta biyu a 2024, ba ta taɓa Daniel Ogunmodede ba, a 2025 ya ɗauki kofin. Samarinmu masu kallon wasan Ingila sun fi mu sanin cewa Alex Ferguson ya kama aiki a Manchester United a 1986, bai ɗauki kofin komi ba sai 1990, ya zauna har 2013. Suna yabon haƙurin Turawa da rana, da dare su nemi a kori nasu don ya yi kunnen doki a gida.

A nan wajibi ne mu faɗa wa 'yan kallo tasu gaskiyar, ko da ba za ta yi musu daɗi ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. A watan Afrilu na 2022 an yi tarzoma a wasan da aka yi da Katsina United a Ƙofar Mata, aka farfasa motar baƙi. Hukumar gasa ta zare wa Pillars maki uku, ta hana ta wasa a gida, a ƙarshen kakar nan ne ta faɗi. A Oktoba 2025 aka maimaita, sa'ad da Shooting Stars ta Ibadan ta farke ƙwallo dab da tashi, mutane suka kwararo cikin fili. Aka sake zare maki uku, aka rufe filin, aka ci tara, ƙungiyar ta koma karɓar baƙinta a Katsina. Waɗannan maki shida ba koci ya zubar da su ba. Ba shi ya jefi alƙalin wasa ba, ba shi ya tsallaka shinge ba. Amma da teburin gasa ya nuna ƙungiya tana ƙasa, wuyansa a ke fara nema. Wannan shi ne a bar jaki a doki taiki.

Me ya sa kullum shi? Domin shi ne mafi arha. 'Yan wasa talatin ba sa koruwa a rana ɗaya. Hukumar gudanarwa ba za ta kori kanta ba. 'Yan kallo dubbai ba mai iya sallamarsu. Saura mutum ɗaya, wanda galibi a ƙasar nan yarjejeniyarsa ta shekara ɗaya ce ko biyu, wani lokaci ma yana bin bashin albashi. Har wata al'ada ta kafu a ƙungiyoyin Nijeriya, ta ba koci wa'adin wasa uku: ko ya ci, ko ya kama gabansa. Malaman makaranta su dubi wannan da idon sana'arsu. Ina malamin da za a ba aji a tsakiyar shekara, yaran ba shi ya zaɓe su ba, littattafai ba su iso ba, a ce masa in ba su ci jarrabawa ba nan da mako uku ya ajiye alli? Wanda aka yi wa haka ba zai koyar ba, haddar amsa zai sa a yi. Shi ma kocin da aka ba wasa uku ba zai saka yaro ɗan shekara goma sha takwas ya koyi wasa ba, tsofaffin da ya sani zai jera, a tsare gida, a roƙi Allah. Ta haka ƙungiya kan tsufa ba a lura ba.

Don mai karatu ya ga yadda arha da tsada ke sarrafa wannan al'amari, bari mu leƙa Amurka, inda cutar jita-jitar nan ta fi tamu tsanani nesa ba kusa ba. A can jami'o'i ne ke da manyan ƙungiyoyin ƙwallo, amma irin tasu ƙwallon, mai siffar ƙwai, wadda a ke runguma a hannu a sheƙa da gudu. Ɗalibai ne ke bugawa, duk da haka filin Jami'ar Mishigan yana ɗaukar mutum fiye da 100,000, a jihohi da yawa kuma ba ma'aikacin gwamnatin da ya kai kocin jami'a albashi, har da gwamna. Daga watan Oktoba zuwa Disamba na ko wace shekara ba abin da magoya baya ke yi sai lissafin wa za a kora, wa zai gaje shi, wa zai cike gurbin wanda ya gada. Har akwai masu bin sawun jiragen saman manyan jami'a ta intanet, in sun ga jirgi ya sauka a wani gari su ce lalle wajen wane aka je zawarci. Mai shayin Gyaɗi-Gyaɗi da ya ga mota a ƙofar ofis, ashe yana da 'yan'uwa a ƙetaren teku.

A ƙarshen Nuwamba 2025 wani koci mai suna Lane Kiffin, bayan makonni ana ta ka-ce-na-ce a kansa, ya bar Jami'ar Misisifi alhali yaransa sun ci wasa goma sha ɗaya cikin goma sha biyu, suna shirin shiga zagayen neman kofin ƙasa, ya koma Jami'ar Jihar Luwiziyana. Gurbin da ya shiga na Brian Kelly ne, wanda aka sallama a Oktoba, ragowar kuɗin yarjejeniyarsa kuwa ya haura dala miliyan 50. Kafin wannan, a Nuwamba 2023, jami'ar Texas A&M ta sallami Jimbo Fisher, ya zama tilas ta biya shi fiye da dala miliyan 75 don ya zauna a gida. Ba mu kawo wannan don a yi koyi da shi ba. Makarantar da ke zubar da irin wannan dukiya a kan wanda ya daina yi mata aiki, ɗalibanta kuwa suna cin bashi su biya kuɗin karatu, ba abar sha'awa ba ce. Abin lura ɗaya ne kawai: a can komi a rubuce ya ke. An san shekarun da aka ɗauki mutum, an san albashinsa, an san abin da za a biya in an karya alkawari, jaridu suna bugawa. Saboda haka hirar magoya bayansu, duk da haukarta, tana da ƙasa da ta ke takawa. Mai cewa a kori wane, sai ɗan'uwansa ya tambaye shi wa zai biya. Kuma jami'ar da ta fi kowa cin kofi a zamanin nan, Alabama, mutum ɗaya ta riƙe, Nick Saban, daga 2007 har ya yi murabus don kansa a Janairu 2024, ya bar mata kofin ƙasa shida.

Mu namu ya sha bamban. A can kora ta yi tsada har ta wuce hankali, a nan ta yi arha har ba a jin nauyinta. Ba kuwa a jiha kaɗai ba. Hukumar ƙwallon Nijeriya ta sallami Gernot Rohr a Disamba 2021, bayan ya shekara biyar yana riƙe da Super Eagles, sai da hukumar ƙwallo ta duniya ta sa baki a kan hakkinsa. Finidi George ya karɓa a Afrilu 2024, bai kai ƙarshen Yuni ba. A watan Agusta na wannan shekara hukumar ta yi shela da bakinta cewa ta ɗauki wani Bajamushe, Bruno Labbadia, kafin mako ya zagayo magana ta warware, mutumin bai ko zo ba. In sanarwar hukuma tana iya zama haka, da wane baki za a ce wa yaron majalisa ya jira sanarwa?

Saura ɓangaren da ba a cika tunawa da shi ba a teburin shayi, shi ne kuwa ya fi damunmu, watau na masu neman shiga sana'ar. Gasar ƙasa ƙungiya ashirin ce, kujera ashirin ke nan, mutanen da ke zagaya su kuwa ba su da yawa. Wanda aka sallama a Kano ya tafi Bauci, na Bauci ya tafi Jos, na Jos ya zo Kano. Ko da Kano ta sami ƙungiya ta biyu a babban rukuni a 2025, watau Barau FC, Ladan Bosso aka kira, wanda ya taɓa riƙe Pillars shekaru da dama da suka wuce. Ba mu ga laifin wanda ya nemi gogagge ba. Amma a fita da sassafe a duba filayen makarantu na Tarauni da Unguwa Uku da Darmanawa. Za a ga mutane da usur a wuya suna koyar da yara talatin, arba'in, da ƙwallo biyu, ɗaya ma ta sace. Waɗansu tsofaffin 'yan wasa ne da gwiwa ta ajiye, waɗansu malaman wasanni ne na makarantun firamare da sakandare. Galibinsu ba mai biyansu, daga aljihunsu su ke sayen ruwa. Su ne ke kai yara gasar kofin Ramat da a ke yi a nan Kano don tunawa da marigayi Janar Murtala. Duk ɗan wasan da a ke yi wa tafi a Ƙofar Mata, a hannun irinsu ya fara koyon tsai da ƙwallo. A cikin sunayen da a ke jefawa a majalisa in kujera ta girgiza, ba mu taɓa jin an ambaci ko ɗaya daga cikinsu ba.

Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Koci a yau sana'a ce mai takardar shaida. Hukumar ƙwallon Afirka tana da lasisi hawa-hawa, C da B da A, akwai kuma Cibiyar Wasanni ta Ƙasa a Legas inda a ke karatun koyarwa. Zuwa can kuɗi ne, zama a can kuɗi ne. Mutumin da ke sayen ruwan yara daga aljihunsa ba shi da su. Ko ya yi ƙoƙari ya samo takardar, ƙungiyar da ke canja shugaba ko wace shekara ba ta iya rainon mataimaki, domin ko wane sabon koci da mutanensa ya ke zuwa, in ya tashi ya kwashe su. Tsani ke nan da a ke cire wa matakala kullum. Ahmed Garba, wanda aka fi sani da Yaro Yaro, yana cikin 'yan kaɗan daga tsofaffin 'yan wasan gida da suka kai ga zama a benci na masu koyarwa, har ya riƙe ƙungiyar na ɗan lokaci a 2025. Irinsa ya kamata a ce sun kai goma.

Makarantu ma ba su tsaya inda ya kamata ba. Dā ƙwallon makaranta ita ce gonar da a ke tsinko 'yan wasa, malamin wasanni kuma mutum ne mai daraja a gari. Jami'o'inmu suna da gasarsu tun 1966, an kuma ƙirƙiro gasar ƙwallon manyan makarantu a 2018, amma ba wanda ya taɓa kwana yana tunanin wa zai koyar da yaran Jami'ar Bayero baɗi. Ba mu ce a mai da makaranta kasuwa irin ta Amurka ba. Sai dai tsakanin dala miliyan 75 da ba ko kwabo akwai fili mai faɗi.

Abin da mu ke roƙo ga masu riƙe da ƙungiyar ba mai wuya ba ne, duk akawu ya san shi, don shi ne abin da a ke yi wa ko wane ma'aikaci. Ranar da aka ɗauki koci a gaya wa jama'a shekara nawa aka ɗauke shi, da abin da a ke nema a wurinsa a shekarar fari, da wanda a ke nema a ta biyu. A rubuta abin da za a biya shi in an sallame shi kafin lokaci, ya zama kuɗin da za a ji zafin fitarsa, don a yi tunani sau biyu. A biya albashinsa da na yaransa a kan kari, domin ba a auna gudun dokin da bai ci dawa ba. A ware masa mataimaka biyu 'yan gida waɗanda ƙungiya za ta biya wa kuɗin lasisi, su kuma zauna ko da shi ya tafi. In shekara ta cika a zauna a duba littafi, in ya gaza a sallame shi da mutunci, a faɗi dalili a fili.

A watan Yuli na 2025 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya naɗa Ahmed Musa babban manajan ƙungiyar. Shi ne yaron da ya zura ƙwallo 18 a rigar Pillars a kakar 2009 zuwa 2010, ya tafi Turai, ya yi wasa a Holan da Rasha da Ingila, ya zama kyaftin ɗin Nijeriya. Ya zauna a ƙungiyoyin da yarjejeniya ke da ƙarfin doka, ya kuma zauna a inda ba ta da shi. A Leicester yana nan aka sallami Claudio Ranieri a Fabrairu 2017, wata tara bayan ya ci musu kofin Ingila, saboda haka ya san gaggawa ba a Kano kaɗai ta ke ba. Duk wanda ke kan irin wannan kujera, yau ko gobe, yana da ikon ya fito da takardar ɗaukar koci ya karanta wa 'yan jarida adadin shekarun da ke cikinta. Mu dai za mu so mu ji wannan adadi, mun kuma tabbata a Unguwar Gano ma za a kasa kunne.